Amsoshin Tambayoyinku: Ruwan Tankina Garau Yake, Me Ke Cinye Murjanin?

TAMBAYA

 Ni mazaunin Jidda ne, a nan nake aiki tare da iyalina. Wata biyar ke nan da na sayi ƙaramin tankin gilashi mai cin lita 60, na haɗa ruwan gishiri, na zuba kifi biyu irin masu ruwan lemo da farin zanen nan da yara ke kira Nemo, da dodon koɗi uku, da murjani mai rai iri biyar. Da farko komai lafiya lau. Yanzu kuwa biyu daga ciki, masu ƙashin, namansu yana janyewa daga gindi, farin ƙashi yana fitowa. Ga ruwan kuma garau kamar ka sha. Abin da nake aunawa pH ne kawai, kullum 7.9 yake ba ni, shi ya sa mai shago ya ba ni wani gari na ɗaga shi, nake zubawa kowace safiya. Ya haɗa mini da kwalabe huɗu: kalsiyam, aidin, sitirontiyam, da wata ta ƙananan ma'adanai. Ruwan da ya ragu sai ranar Juma'a nake cikawa. Na kuma lura wani farin abu yana daskarewa a jikin hita da famfo. Me ya kamata in riƙa aunawa, sau nawa, kuma yaya zan yi idan zan zo gida hutun wata guda?

Daga wani mai karatu a Jidda, Saudiyya

AMSA

 Kafin bayani ga aikin yau: kwashe garin nan da kwalaben nan huɗu ka kai su saman kabad, kada ka sake zuba ko ɗigo sai ka yi awon da zan gaya maka. Abubuwa uku a wasiƙarka sun nuna mini inda gizo ke saƙa: garin da kake zubawa kowace safiya, farin abin da ke daskarewa a hita, da cikon ruwan ranar Juma'a. Garau ɗin ruwa kuwa kada ya ruɗe ka. Kusan duk abin da ke halaka murjani a tanki narkakke ne, ba launi, ba wari, sai awo ke tona shi.

Murjani dabba ne. Ƙananan halittu ne masu taushin jiki da ke zama manne da juna, a cikin namansu akwai wata gansakuka mai ƙwaya ɗaya da ido ba ya gani, tana shan haske ta haɗa abinci ta ciyar da mai masaukinta. Masu ƙashin kuma dare da rana suna jan kalsiyam da kabonet daga ruwa suna gina ƙashinsu. Idan ka zaga unguwar Balad a tsohuwar Jidda, bangon gidajen nan masu tagogin katako da dutsen murjani aka gina shi. Haka ma Sawakin ta Sudan, inda alhazanmu na da ke shiga jirgin ruwa su tsallaka. Jan murjanin da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya ɗan'uwa ne na nesa, a Bahar Rum ya fi yawa, cikin wurare masu duhu, ba ruwansa da hasken rana.

Halitta ce da ta saba da ruwan da ba ya sauya hali. Daga 1872 zuwa 1876 jirgin binciken Ingila mai suna Challenger ya zagaya duniya yana ɗibar ruwan teku. William Dittmar, masanin sinadarai a Glasgow, ya auna samfuri 77 daga ciki, a 1884 ya nuna cewa wani teku ya kan fi wani gishiri, amma rabon manyan sinadaran da ke cikin gishirin ɗaya ne a ko'ina. Kilo ɗaya na ruwan teku yana ɗauke da gishiri wajen giram 35. Kimanin kashi 85 cikin ɗari na wannan irin gishirin miya ne, sauran magnesiyam ne da salfet da kalsiyam da fotashiyam da wasu 'yan ƙanana. Don haka gishirin kasuwa ba ya yin ruwan tanki, sai wanda aka haɗa musamman. Murjani a teku yana da ruwan da ba ya ƙarewa a bayansa. Kai kuwa lita 60 aka rubuta maka a kwali, idan ka cire gurbin duwatsu da yashi da tazarar baki, wajen lita 50 ke hannunka. Duk lissafin da ke tafe a kan 50 na yi shi. A ruwa kaɗan haka, kuskuren cokali ɗaya ma babba ne.

Mu fara da cikon Juma'a, don shi ya fi sauƙin gyarawa. Idan ruwa ya tashi ya bi iska, gishirinsa a tanki yake bari. A ɗakin da na'urar sanyaya iska ke aiki, buɗaɗɗen tanki irin naka zai iya rasa rabin lita zuwa lita ɗaya a rana. Mu ce ɗaya. Bayan kwana shida lita 50 ta koma 44, ƙarfin gishiri ya tashi daga 35 ya kusa 40. Sai ka zo ranar Juma'a ka kwarara lita shida, cikin minti ɗaya ya faɗo 35. Kifi yana da fata da ƙoda da gaɓoɓin numfashi da yake daidaita gishirin jikinsa da su, ya kan jure. Murjani ba shi da wannan gatan, gishirin jikinsa na ruwan da ke kewaye da shi yake bi, don haka duk mako kana matse shi sannan ka kumbura shi. Ka sa alƙalami ka ja layi a jikin gilashi daidai bakin ruwa, ka riƙa cikawa zuwa layin kullum, in so samu ne safe da yamma. Da tataccen ruwa marar gishiri ake cikawa. Sababbin shiga da yawa da ruwan gishiri suke cikawa, gishirin ya yi ta hawa a ɓoye har tanki ya lalace. Akwai 'yar na'ura mai ido ko mai tangaɗi da ke cika ruwa da kanta daga jarka, a ganina ta fi kwalabenka huɗu amfani.

Abin auna gishiri iri biyu za ka gani a shago. Akwai na roba mai allura mai lilo, yana da araha, amma kumfa ɗaya in ta maƙale a allurar sai ya yi maka ƙarya. Akwai rifraktomita, wanda ake ɗiga masa ruwa a leƙa ta ido a haske. Shi za ka saya, tare da 'yar kwalbar ruwan saiti mai ƙarfin 35. Da ita za ka saita shi, ba da farin ruwa ba, domin da yawa daga cikin na'urorin nan don ruwan gishirin miya aka ƙera su, in an saita su a sifili sai su ɗan kauce idan an zo kan ruwan teku. Abin da kake nema 35 ne, ko 1.025 zuwa 1.026 a ɗaya gefen ma'aunin. Na san ga Bahar Maliya a ƙofar gidanka, zuciya za ta ce ka ɗauki jarka ka ɗebo. Gishirinta ya kai wajen 40, saboda rana na shanye ta kuma babu wani babban kogi da ke zuba a cikinta, ga ruwan gaɓar babban birni ba a raba shi da mai da datti. Murjanin shago yawanci na gonakin murjani ne ko na tekunan wajen Indonesiya da Ostareliya, ya saba da 35 ko ƙasa da haka kaɗan.

Yanzu ga babbar maganar, abin da ba ka taɓa aunawa ba kuma shi ya fi komai bukatar awo. A jikin kwalin gwaji za ka ga an rubuta KH, wasu su ce alkaliniti, ana ƙidaya shi da dKH. Ma'anarsa ƙarfin da ruwa ke da shi na kashe tsami. Ka ga yadda ake jefa kanwa a miyar yakuwa ta kashe tsaminta? Abin da ke yin wannan aikin a kanwa, wato kabonet da bayikabonet, shi ne a narke cikin ruwan teku. Aikinsa biyu: yana hana pH faɗuwa farat ɗaya, kuma shi ne rabin kayan ginin ƙashin murjani. Teku yana da wajen dKH 7. A tanki ko'ina tsakanin 7 da 9 ya yi, muddin ka zaɓi wuri ɗaya ka tsaya. Tankin da ke zaune a 7.5 wata da watanni ya fi lafiya a kan wanda yau 7, jibi 10, ko da duka lambobin biyu suna cikin abin da littattafai suka yarda da shi.

Garin nan na ɗaga pH kabonet ne, wani lokaci da ɗan boret. Duk cokalin da ka zuba KH yake ɗagawa. pH ya kan ɗan tashi na 'yan sa'o'i, iskar ɗaki ta sake shiga ruwa ta mayar da shi inda yake, amma kabonet ɗin yana nan bai tafi ko'ina ba. Washegari ka ga 7.9, ka ƙara. Ba zan yi mamaki ba idan ka auna ka ga 13 ko 15. Idan kabonet ya yi yawa haka, ga kalsiyam kana zubawa daga wata kwalbar, sai su haɗu su daskare tun kafin murjani ya same su. A wuri mai ɗumi suka fi daskarewa, domin wannan sinadarin, saɓanin sukari, zafi rage masa narkewa yake yi. Farin abin da ke jikin hitarka da famfonka ke nan. Masu kiwon murjani mai rassa kuma sun daɗe da lura cewa KH mai yawa a ruwan da ba shi da abinci sosai yana ƙona bakin rassan su yi fari.

Idan awo ya nuna ya hau, kada ka nemi wani maganin sauke shi, kada kuma ka zuba ruwan tsami ko wani asid. Daina zubawa kawai ya isa. Murjani da jar gansakukar nan mai tauri da ke bin duwatsu za su cinye shi a hankali, canjin ruwa kaɗan-kaɗan ya taimaka. Saukar dKH ɗaya a rana ita ce iyaka, ƙasa da haka ya fi.

To shi 7.9 ɗin fa? Bai kai abin tayar da hankali ba. Daga 7.8 zuwa 8.4 murjani yana rayuwa yana girma. Idan KH yana daidai, abin da ke juya pH iskar kabon ce, wadda muke fitarwa a numfashi. A waje tana wajen kashi 420 cikin miliyan. A rufaffen ɗaki da mutane ke kwana, taga a kulle saboda zafi, ta kan haura 1000. Ruwa yana shan ta daga iska, ta zama ɗan tsami a cikinsa. Haka kuma pH yana da hawa da sauka na kullum: da asuba ya fi ƙasa, don komai na tankin ya kwana yana numfashi, da yamma kafin a kashe fitila ya fi sama, don gansakuka ta wuni tana shanye iskar. Da alama kai da safe kake awo, a daidai lokacin da ya fi faɗuwa. Ka gwada wannan: ɗebi kofi ɗaya na ruwan tankin, kai shi waje a inuwa, sa masa famfon kumfa na awa ɗaya, ka sake aunawa. Idan ya tashi, iskar ɗakinka ce, maganinta buɗe taga lokaci-lokaci da juya bakin famfo ya riƙa kaɗa saman ruwa. Ni dai da za ka bi tawa, ka ajiye gwajin pH na wata biyu ka huta.

Bayan KH ya sauko ya zo wajen 8, sai ka gano cin tankinka. Ka auna ranar Asabar da wani lokaci, kada ka zuba komai, kada ka canza ruwa, ka sake aunawa ranar Talata a daidai lokacin. A ce ka samu 8.4 sannan 7.2. An ci 1.2 a kwana uku, wato 0.4 a rana. Abin da za ka riƙa mayarwa ke nan, ba abin da aka rubuta a bayan kwalba ba, don wanda ya rubuta bai san murjani nawa gare ka ba. Bekin soda na kicin ya isa, amma ka duba da kyau kada ka ɗauko bekin foda, shi akwai asid da sitaci a cikinsa. Kanwa ma kada ka kusa, ƙasa da sauran tarkace sun yi mata yawa. Giram 1.5 na bekin soda yana ɗaga lita 50 da dKH ɗaya. Tunda auna rabin giram kullum wahala ne, ka narkar da giram 30 a lita ɗaya ta tataccen ruwa ka ajiye a kwalba. Mililita 50 na wannan dKH ɗaya ne, mililita 20 kuwa 0.4. Da sirinji za ka ɗiba, ka zuba a hankali a gaban famfo. Bayan mako ka sake awo ka gyara, domin murjani na girma cinsa na ƙaruwa.

Kalsiyam tare da KH ake cin sa, amma ga dalilin da ya sa ba shi ake sa wa ido ba. Teku yana da wajen ppm 420, wato miligiram 420 a lita. Duk dKH ɗaya da murjani ya ci, kalsiyam ppm 7 kacal ya tafi da shi. Ɗaya cikin takwas na KH ya ɓace, wanda kowane gwaji zai nuna, amma na kalsiyam ɗaya cikin sittin ne, kuskuren hannunka wajen awo ma ya fi haka. Don haka KH ke fara ba da labari. Kalsiyam tsakanin 400 da 450 ya wadatar, awo sau ɗaya a mako biyu ya isa. Idan ya zama dole ka ƙara, kada ka zuba shi tare da ruwan soda, ka raba su da awa ɗaya ko ka yi ɗaya da safe ɗaya da dare, in ba haka ba ruwan zai yi fari kamar an zuba madara, duka biyun su tafi a banza. Wannan tsari na zuba su daban-daban shi ake dangantawa da Hans-Werner Balling na Jamus, wanda ya bayyana shi a 1994. Kafin shi, tun shekarun 1970, Peter Wilkens ya yayata ruwan farar ƙasa da Jamusawa ke kira Kalkwasser, mai kawo kalsiyam da KH a tare. Yana da kyau, amma pH ɗinsa ya haura 12, kuma lita ɗaya ta mai cikakken ƙarfi za ta ɗaga tankinka da fiye da dKH 2. A lita 50 ban ba ka shawarar fara da shi ba.

Magnesiyam kuwa wajen 1300 ake so, kamar ninki uku na kalsiyam. Shi ke shiga tsakani ya hana kalsiyam da kabonet saurin daskarewa. Idan kana ta zuba su biyun amma sun ƙi tsayawa, shi za ka duba. In ba haka ba awo sau ɗaya a wata ya ishe shi.

Aidin da sitirontiyam ka bar su a kabad. Aidin na teku wajen ppm 0.06 ne kawai, gwajinsa na gida yana da wuyar karantawa, yawansa kuma guba ne. Ƙa'idar da tsofaffin masu wannan kiwo ke bi ita ce abin da ba ka auna ba, ba ka zubawa. Gishirin da kake canjin ruwa da shi ya riga ya zo da su. Idan kana son sanin ƙananan ma'adanai da gaske, akwai kamfanoni irin su Triton da ATI na Jamus da ake aika wa 'yar kwalbar ruwa su auna ta a ɗakin gwaji, su aiko da sakamakon sinadarai masu yawa, har da jan ƙarfe da sauran ƙarafa masu guba. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar.

Sai ɓangaren abinci da kashi. Kifi yana fitar da amoniya, wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a duwatsu da yashi su mayar da ita naitirait, wasu su mayar da shi naitiret. A sabon tanki wannan ya kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ya kankama. Naka ya wuce nan, don haka amoniya sifili ya kamata ta nuna, ba sai ka auna ta ba sai idan wani abu ya mutu, ko wuta ta ɗauke na dogon lokaci, ko kifi ya fara haki a saman ruwa. Ka sani dai amoniya ta fi dafi a ruwa mai pH sama da ɗumi, irin na tankin murjani. Naitiret da fosfet su ne na awon mako-mako. A da ana cewa a kai su sifili. Yanzu an gane gansakukar da ke cikin naman murjani ma tana bukatarsu, idan babu ko kaɗan sai ya koɗe, wani lokaci kuma wata yauƙin gansakuka mai ruwan ƙasa ta mamaye yashi. Naitiret 2 zuwa 10, fosfet 0.03 zuwa 0.1, ka zauna lafiya. Fosfet yana da wayo biyu. Yana manne wa dutse da yashi, in ka canza ruwa ya sake fitowa, shi ya sa saukarsa ke ɗaukar makonni. Sannan idan gansakuka ta cika tanki gwaji zai iya nuna maka sifili, alhali ita ce ke shanye shi da zarar ya fito. A ƙananan lambobi irin waɗannan ido ba ya bambance launi, na'urar Hanna mai karanta launi ta ba da lamba ta fi kati.

Duk wannan bai da amfani idan ruwan da kake farawa da shi ba mai kyau ba ne. Ruwan famfon Jidda yawanci daga teku ake tace shi, amma kafin ya iso ka an sa masa kulorin da ma'adanai, ya bi bututu, ya kwana a tankin gida. Jan ƙarfe kaɗan daga bututu ya isa ya kashe dodon koɗi da jatan lande. Ka nemi matatar RO mai haɗe da DI, da 'yar na'urar TDS mai kama da alƙalami, mai auna abin da ya narke a ruwa. Sifili ko ɗaya ake so ta nuna, idan ta fara hawa lokacin canza matata ya yi.

Shi kansa awon yana da ladabi. Ka ɗauraye kwalbar gwaji da ruwan tankin kafin ka cika, ka ɗebi ruwa da sirinji maimakon dogaro da layin jikin kwalba, ka riƙe kwalbar ɗigo a tsaye don ɗigon ya zo daidai. Launi a hasken rana ake duba shi a kan farar takarda, nesa da shuɗiyar fitilar tanki. Ka duba ranar ƙarewar maganin gwajin, kada kuma ka bar shi a mota ko bakin taga, zafin Jidda zai dafa shi. Gwajin KH na Salifert ko Red Sea, wanda ake ɗiga magani har launi ya juya, ya ishe ka. Idan ka ga lambar da ta firgita ka alhali kifi na cin abinci murjani a buɗe, sake awon tukuna, ka kai ruwan shago ko wurin wani ya auna da nasa kayan. Tankuna da yawa sun mutu ne wajen gyaran cutar da ba su da ita. Ka kuma sami ɗan littafi, duk awo ka rubuta rana da lokaci da lamba da abin da ka zuba. Lamba ɗaya ba ta gaya maka komai sosai, jerin lambobin wata guda ne ke nuna inda ruwan ya dosa. Ka duba zafi da layin ruwa kullum, KH sau biyu ko uku a mako har ya zauna sannan sau ɗaya, gishiri duk mako da kuma duk lokacin da ka haɗa sabon ruwa.

Canjin ruwa kashi 10 cikin ɗari a mako, wato lita 5, shi ne babban gatan mai ƙaramin tanki. Gishiri ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan gishiri ba, a bar famfo ya juya shi har ya washe, a daidaita zafinsa da gishirinsa da na tanki. Ka auna KH na sabon ruwan ko sau ɗaya ne a kowane buhu, domin wasu gishirin suna fitowa a 8, wasu har 12. Idan tankinka na 8, ka canza kashi 10 da ruwa mai 12, zai koma 8.4, ba laifi. Ka canza rabi kuwa, 10 ke nan a tashi ɗaya. Zafi digiri 25 zuwa 26 ake so. Ya haura 29 ya daɗe, murjani zai kori gansakukar jikinsa ya yi fari fat, abin da ya auka wa babban tsaunin murjanin Ostareliya a 1998 da 2016 da wasu shekarun bayan nan.

Murjanin nan biyu da suka fara janyewa, inda ƙashi ya riga ya fito ba lallai nama ya koma ba, amma muddin akwai sauran nama mai launi zai iya ci gaba daga nan. Kada ka yi ta ɗaga su kana sauya musu wuri. Ka ba su mako huɗu zuwa shida a ruwan da ya zauna kafin ka yanke hukunci, kada kuma ka sayi sabo a wannan tsakanin.

Maganar hutu kuwa, shiri tun wata guda kafin tafiya ake fara shi. Ka haɗa na'urar cika ruwa da jarka mai cin lita 30 ko fiye, ka bar ta ta yi aiki a gabanka na mako biyu ka ga halinta. Na'urar sanyaya ɗaki dole ta zauna a kunne, rufaffen ɗaki a bazarar Jidda zai dafa tankin cikin kwana biyu. Canjin ruwa na ƙarshe ka yi shi saura kwana uku ko huɗu, ba daren tafiya ba, kuma a makon ƙarshe kada ka sa sabon kifi ko sabuwar na'ura. Wanda za ka bar wa amana kada ka miƙa masa gwangwanin abinci, tausayi zai sa ya cika hannu. Ka ƙulla masa abincin kowace rana daban, ko na kwana bibbiyu, kifi ba zai mutu da haka ba. Ruwan sodan ma ka nuna masa layin mililita 20 a sirinji, ka ɓoye sauran kwalaben inda ba zai gani ba. Ka roƙe shi ya riƙa aiko maka da hoton tankin da na ma'aunin zafi ta waya. Idan ka dawo, awo za ka fara yi kafin ka taɓa komai. Ka tarar gishiri ya hau 38, ka sauke shi da kamar ɗaya a rana har ya dawo 35, naitiret in ya taru ka rage shi da canjin lita 5 sau biyu a mako.